Ranar da Na Sa Saurayina a Turu

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Doha ba, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya, ranar da na tara mutane a falonmu na haska musu wautata a talabijin da hannuna, ina sunkuyar da kai ina jiran yabo.

Ni mai lalle ce, daga Zariya. Ina aiki a wani shagon kwalliyar mata a Al Mirqab, ina zaune a Bin Mahmud tare da Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan. Ban da lalle ina zane tun ina ƙarama. Kuma gara in faɗa muku tun yanzu, littattafan soyayya ne suka rene ni, irin na haya ɗin nan da bangonsu ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsumma. Har gobe idan na ga namiji tsaye yana kallon teku, na riga na san wadda ta yaudare shi da dalilinta. (Yawanci motar kamfani yake jira.)

Da korona ta zo, madam ɗinmu mai shagon ta ce khalas, wato shi ke nan, kowa ta zauna a gida. Rifkatu kullum tana asibiti, in ta dawo daga wanka sai barci. Ni kaɗai ce da bango huɗu. Sai na fara sa zane-zanena a intanet: idanu, hannaye masu lalle, ƙafafu. Ƙafafun sun fi yawa, don na daɗe ina ɗora su a cinyata, na san ƙafa kamar yadda mahauci ya san haƙarƙari.

Wata rana saƙo ya shigo daga wani Bature, cike da ladabi. Yana so in zana masa mace sanye da doguwar riga, tana zaune ba takalmi, wani hannu riƙe da gashin tsuntsu yana yi mata cakulkuli a tafin ƙafa, tana dariya har da hawaye.

Kafin in kai ƙarshen saƙon na gama rubuta littafin a kaina. Dattijo ne, kulle ya rutsa da matarsa a wata ƙasa, yana zaune shi kaɗai yana kewar dariyarta. Har suna na raɗa mata. Na share ƙwalla na ce zan yi.

Na farko da na tura ya dawo mini da shi. Ya ce zanen ya yi kyau, amma wannan dariyar murna ce, ta cakulkuli daban take. Abin ya tsaya mini a rai. Dariya ma iri-iri ce? Na zauna ina tuna amaren da na yi wa lalle, lokacin da bakin ledar ya taɓa tsakiyar tafin ƙafa. Ashe gaskiyarsa. Mai dariyar murna fuskarta gaba ɗaya a sake take. Wadda ake yi wa cakulkuli kuwa, bakinta na dariya, girarta na roƙon a daina. Kafaɗa ta hau kunne, yatsun ƙafa su dunƙule, babban yatsa ya ɓalle shi kaɗai kamar mai neman hanyar gudu. Jiki ɗaya, rabi na cewa ƙara, rabi na cewa bari. Ban taɓa zana abin da ya ba ni wahala ya kuma ba ni daɗi kamar wannan ba.

Na gwada a kaina da gashin da na zaro daga matashin kai, ban ji komai ba. Na yi ta mamakin yadda mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli, sai da hannun wani. (Na ce ai ga hujjar soyayya nan.) Na gwada a ƙafar Rifkatu tana barcin rana, ta shure ni a haɓa.

"Ke 'yar Zariya, korona ta hau miki kai ne?"

"Bincike nake, Sista."

"Ki yi shi a ƙafar gidanku," ta ce, ta ja bargo.

Zane na biyu ya karɓu. Baturen ya nuna wa abokansa, su ma suka fara turo saƙo. Wannan na son buroshi, wancan na son yatsu, wani ya ce a sa safa a ƙafa ɗaya. Kowa a zanen da suturarsa tsaf, don haka ban ga abin zargi ba. Na ce Allah sarki, korona ta raba masoya da yawa. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me ya sa duk masoyan Turai a tafin ƙafa suke ajiye soyayyarsu ba. Na ɗauka al'ada ce, mu muna da zance da toshi, su suna da gashin tsuntsu.

Bayan an buɗe gari ne na haɗu da Abdul-Razak. Ɗan Zangon Kumasi ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, yana zaune a Umm Salal da abokan aikinsa. Tamu ta shago ce ta lalace aka turo shi. Dogo, mai wushirya, da tabon sallah a goshi. Na yi shekaru ina jiran wanda zai ce mini "ke ce hasken idanuna". Shi da ya tashi, sai ya sauko daga tsani ya ce, "Kai, ka ci abinci kuwa?" (Hausar Zango ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne.) Na koma gida na kasa cin abincin.

To ni ina da wata ɗabi'a a zane: ban iya ƙirƙiro fuska ba, aro nake yi. Matan da na zana wa Turawan nan, wata hancin madam gare ta, wata idon mai sayar mana da burodi. Ana nan sai Baturena na farko ya ce yanzu namiji yake so, yana zaune a ƙasa, ƙafafunsa sun leƙo ta ramuka biyu a jikin wani katako, ana yi masa cakulkuli ba halin janyewa. A lokacin fuska ɗaya ce tal a kaina. Na zana Razak, da wushiryarsa, da tabon sallarsa, kai a baya, hawaye na gangarowa. Na ɓata lokaci a kan katakon, na fitar da jijiyoyin icen ɗaya bayan ɗaya har sai ka ji kamar ka shafa. Ban nuna wa Razak ba. A littafi, jarumi yakan gano hoton da jaruma ta zana shi a ɓoye, jikinsa ya yi sanyi, ya ce ashe haka kike sona. Na adana nawa sai ranar da ta dace.

Ranar ta zo da gasar ƙwallo. Gwaggonsa, Hajiya Ramatu, wadda ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsa, ta biyo 'yan kallon Ghana zuwa Doha. Razak ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye: ƙwallo hanya ce, ni ta zo gani. In ta ce e, dangi za su je Zariya neman aure. In ta ce a'a, shi ba zai tsallake maganarta ba.

Na yi waina da miyar taushe. Bayan sallar Juma'a suka iso. Hajiya ƙatuwar mace ce, gyalenta launin tutar ƙasarsu, muryarta ta dushe saboda ihun filin wasa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ta ci waina, ta tambayi iyayena, ta gyaɗa kai. Komai na tafiya daidai, har Rifkatu na ɗaga mini gira daga ƙofar kicin.

Sai Razak ya ce, "Mma, ya iya zane fa. Har Turawa yake yi wa."

"To, mu gani," in ji Hajiya.

Da ina da hankali, da na tsaya a zanen lalle. Na haɗa kwamfutar zanena da talabijin, na nuna furanni da zanen hannu, Hajiya ta zaɓi wanda za a yi mata kafin ta koma. Yabon ya hau mini kai, na buɗe na Turawa.

Mace ta farko ta cika talabijin, baki buɗe, ƙafa a gaba.

Hajiya ta karkata kai. "Wannan me ake masa?"

"Cakulkuli ne, Hajiya. Mijinta ne ya sa a zana. Korona ce ta raba su, yana kewar dariyarta."

"Da gashin kaza?"

"Al'adarsu ce."

"Hmm. Duniya da faɗi."

Na wuce ta biyu, na wuce ta uku, ina ba da tarihin kowace. Na lura Rifkatu ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana kallon talabijin wani iri, amma na ɗauka burge ta na yi. Na ce a raina yanzu ne. Na saci kallon Razak, na danna.

Kofin shayin Razak ya tsaya tsakanin faranti da bakinsa. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina, ina jiran "ashe haka kike sona".

Hajiya ta tashi, ta ciro tabarau daga jaka, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin.

"Razaku ne wannan?"

"Shi ne, Hajiya," na ce a hankali.

"A turu."

Wallahi sai a lokacin na gan shi. Duk zaman da na yi ina gyara katakon nan, ni ice nake gani da inuwa da haske. Turu ne. Turun da ake sa wa masu taɓin hankali a gidan mai magani. Ga Razak a ciki, yana ƙyalƙyala dariya ba shi da iko da kansa.

"Wane malami ya ba ka wannan aiki?" Hajiya ta juyo kaina, dusasshiyar muryar nan ta buɗe. "Ka zana yaro, ka ɗaure masa ƙafa, ka sa shi dariya kamar hankalinsa ya tafi! Shi ya sa ya ƙi zuwa gida! Ni na ce korona, korona, ashe mallaka ne! Razaku, tashi mu tafi."

"Mma, tsaya mana..."

"Ka ga? Har ya fara musu da ni. Aikin ya ci."

Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito shi ne, "Hajiya, soyayya ce." Hakan ya ƙara tabbatar mata. Ta ɗauki jakarta.

Rifkatu ce ta karɓe kwamfutar daga hannuna. Ta shiga saƙonnin Turawan tana karantawa, tana karantawa, sai ta zame ta zauna a ƙasa da ludayinta, dariya ta hana ta numfashi.

"Mama, don Allah ku zauna," ta ce tana share ido. "Ba asiri ba ne. Na rantse muku babu boka a ciki."

"To mene ne?"

Rifkatu ta dubi Razak, ta dubi silin, ta rage murya irin yadda suke yi wa dangin majiyyaci. "Mama, kun san kowa da abin da ke motsa masa sha'awa. To akwai mutanen da su cakulkuli ne nasu. Suna da yawa, suna da dandalinsu a intanet, suna neman masu zane su zana musu. Mu a asibiti babu abin da kunnenmu bai ji ba. Waɗannan hotunan na wannan harkar ne."

"A'a, Sista," na ce. "Matarsa fa..."

"Wace mata? Shi ya ce miki yana da mata?"

Na tsaya ina tunani. Na bi saƙonnin a kaina tun daga na farko. Bai taɓa cewa ba. Ni na ɗaura masa auren, ni na raba su, ni na yi kukan.

Da tayil ɗin falon nan zai buɗe, da na shige na ja shi na rufe. Na tuna hancin madam. Na tuna mai burodi, baiwar Allah.

Hajiya ta daɗe tana kallona ta saman tabarau.

"Wato kai ba ka sani ba?"

"Wallahi Hajiya ban sani ba."

"Duk wannan lokaci?"

Na gyaɗa kai, hawaye na ɗiga a kan mayafina.

Ta ajiye jakar, ta koma ta zauna, kujerar ta yi ƙara. Ta dubi Razak.

"Tun daga Kumasi nake addu'a kada in tarar da mai wayo. Wannan ko kaza ba zai iya mallaka ba." Ta jawo faranti. "Wauta ana zama da shi. A ƙaro mini waina, a kashe mini wannan abu."

Da zan raka su, Razak ya tsaya a matakala ya bar gwaggonsa ta yi gaba.

"Hoton nan, ka tura wa mutumin?"

"Na tura."

"Ya ce me?"

"Ya ce ya fi duk sauran kyau."

Ya shafa gemu, ya dubi ƙafarsa cikin silifa. "To. Alhamdulillahi." Ya sauka yana girgiza kai.

Daga baya na rubuta wa Baturen na ce na daina, na kuma roƙe shi ya goge na ƙarshen. Amma son sani bai bar ni ba, sai da na tambaye shi me ya sa cakulkuli. Ya ba ni haƙuri, ya ce shi ya ɗauka na sani tun farko. Ya ce tun da ya san kansa haka yake, shi ma bai san dalili ba, kuma a duk masu zanen da ya gwada ni kaɗai na gane maganar gira. Kunya ta kama ni da na ji wani ɗan daɗi ya ratsa ni. Har yau nakan zauna in yi ta mamakin zuciyar ɗan Adam da irin lungunan da ke cikinta.

Abin da na koya shi ne, iya zana abu daban, sanin abin da kake zanawa daban. Kuma kada ki raina kowace irin shaida daga dangin miji. Wasu an shaide su da tarbiyya, wasu da iya girki. Ni "ba ta da wayo" aka kai Kumasi, kuma da ita aka ɗaura mini aure.