Rijiyar Gidan Mai Faci Ta Riga Mu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro busasshe, Mai Faci na bakin titi yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da sauran masu ɗibar banza cewa rijiyar gidansu ta rasu. Ta ƙafe ƙaf. An zura guga ranar Talata, ya dawo da yashi da gawar ƙadangare.

Marigayiyar ta girmi Mai Faci. Mahaifinsa ne ya haƙa ta da hannunsa shekarar da aka kawo Tsohuwa, mahaifiyar Mai Faci, gidan tana amarya, ya ce mata muddin gidan nan yana tsaye ba za ta ƙara ɗora tulu a ka ba. Shi ya daɗe da kwanta dama, rijiya kuwa ta ci gaba da cika masa alkawari.

Halinta kowa shaida ne. Ba ta taɓa tambayar mutum ɗan gidan wa ne ba. Ba ta jiran a kawo wuta, ba ruwanta da tsadar mai, ba ta yajin aiki. Da zafi ruwanta har haƙori yake kamawa, da sanyi kuma ɗumi. In guga ya sauka sai ka ji tsundum, kamar ana ce maka maraba. Ita kaɗai ce a gidan in Mai Faci ya leƙa ya yi magana take maimaita abin da ya faɗa, ba ƙari ba gardama. Ta haɗiye takalman yara, da cokula, da wayar wani ɗan haya, ba ta taɓa kai ƙara ba.

Sakayyar da ta samu ita ce, duk ranar da aka kira yasa, unguwa gaba ɗaya take kamuwa da ciwon baya. Mai Wankin Babura, wanda sana'arsa kacokan a bakinta take, da aka ce ya kawo ko guntun igiya sai ya ce, "Haba maigida, ai ruwa na Allah ne." Gaskiya ne. Igiya dai ta Mai Faci ce.

Ciwon ajali ya faro ne daga bayan gida. Can akwai kududdufi, in damina ta yi ya cika ya kwanta, yana tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙasa yana shayar da marigayiya har rani ya fita. Sai yayan Mai Faci, wanda ake kira Injiniya ko da yake ko tagar makaranta bai leƙa ba, ya tsaya a kansa ya riƙe ƙugu ya ce, "Ƙanena, wannan masaukin sauro ne. Fili ne yake kwance yana asara." Tifa ta bi tifa, aka danne shi, aka jera ɗakunan haya, aka malale tsakar gida da siminti har bakin ƙofa. Unguwa ta yi ta sa albarka. Kwaɗi ne kawai suka yi magana, su kuwa ba a jin yarensu. Tun daga nan ruwan sama in ya sauko sai ya rasa wurin zama, ya bi kwata ya fice kamar baƙon da ba a shimfiɗa wa tabarma ba.

Ana cikin jinya, Mai Gidan Sama na tsallaken titi ya kawo masu burtsatse suka zurfafa har inda ba a zato, ya janye ɗan abin da ya rage, yana wanke motoci da dakalin ƙofa. Mai Faci ya ƙara igiya. Ya sake ƙarawa. Aka kwance ta shanya, aka kwance ta akuya, akuya ta samu 'yanci. Tsundum ta koma ƙwal. Daga ƙarshe Mai Yasa ya shiga, ya fito ƙafarsa a bushe, ya karkaɗe wando ya ce, "Maigida, sai haƙuri. Ni likita ne, ba na tayar da matacce."

Ta rasu ta bar guga, da igiya mai ƙulli bakwai, da ƙugiyar ciro guga wadda aikinta ya ƙare, da randuna biyu masu hamma, da bishiyar lemo mai zubar da ganye, da bahon da Mai Faci yake tsoma tayar mutane ya ga inda take kumfa. Yanzu da kunne da yawu yake neman huda, yawun ma ya fara ja da baya.

Injiniya ya zo ta'aziyya da shawara. Wai rami ne a shirye, a ɗora masa siminti ya zama masan 'yan haya. Mai Faci yana so a sani, da dukkan girmamawa ga Yaya, duk wanda ya tsuguna a bakin ramin da uwarsu ta sha ruwa tun tana amarya, jana'iza biyu za a haɗa.

Yanzu gidan a famfon Mai Gidan Sama yake bin layi, shi kuwa sai ya ga dama yake buɗewa. Auta, 'yar Mai Faci, ita ce mai bin layin, kullum a makare take isa makaranta ana zane ta. Shekaranjiya Tsohuwa ta ga shatin bulala a hannun jikarta. Jiya da safe ta tura yarinya makaranta, ta ɗauki jarka, ta bi layi da yara sa'annin jikokinta, ta sa aka ɗora mata a ka. A bakin ƙofa, kan simintin ɗanta Injiniya mai santsi, ƙafarta ta zame ta faɗi. Mai ɗori ya ce ƙugu ne, kuma a shekarunta ba ya alkawari.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar da hantsi. Babu wankan gawa, dalili a bayyane yake. Injiniya ne zai kawo tifar ƙasa, tunda ya ƙware a binne ruwa. Masu zuwa gaisuwa kowa ya zo da abin shansa, wanda kuka ya kama ya taimaka ya yi shi a cikin baho.

Tsohuwa za ta karɓi gaisuwa a ɗakinta, a kwance. A daure kada a tambaye ta jiki, ba shi ne a ranta ba. Da aka ɗago ta daga ƙasa ko kallon ƙafar ba ta yi ba, cewa ta yi da Mai Faci, "Ɗan nan, ruwan dai bai zube ba ko?"

Ya zube.