Rasuwar Kempir, Mai Jan Igiya ta Filin Tokmok

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma, Anarbek Toktosunov yake sanar da 'yan ƙungiyar masu wasa da ƙananan jirage marasa inji ta garin Tokmok rasuwar na'urarsa ta harba jirgi, wadda kowa ya sani da Kempir, wato Tsohuwa. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi a filin bayan gari, tana da shekara talatin da ɗaya.

An haife ta a garejinsa, daga sitatar wata tsohuwar babbar mota da gangar ƙarfe da ya yi wa walda da hannunsa. Aikinta ɗaya ne: a maƙala jirgi a igiya, a taka mata totur, ta naɗe igiyar da ƙarfi har jirgin ya lula sama, mai rimot ya karɓa. Tana da cin batir, wannan kam ba a ɓoye shi. Amma ba ta taɓa cewa sanyi ya yi yawa ba.

Wanda ya san ta ya san muryarta. Idan jirgi na hawa, "wiii". Idan ya kai ƙololuwa sai ta yi ƙasa da murya, "gurrr", ma'ana ɗaga ƙafarka. Abin da ba a sani ba, shekara huɗu ke nan da wannan muryar kaɗai Anarbek yake aiki. Jirgi na wuce tsayin bishiya yake ɓace masa da gani. Ya ajiye rimot ya ce yatsunsa ke ciwo, ya koma taka totur, ita kuwa ta rufa masa asiri.

Jinyarta ba ta kai minti ɗaya ba. A ranar aka zo gwajin kayan harba jirgi: wata doguwar roba da ake kafewa a ƙasa, da sabuwar igiya siririya mai talewa, wadda aka ɗaura wa marigayiya. Talant, ƙaramin abokin Anarbek, ya miƙa jirgin da ya kwashe hunturu yana haɗawa. Anarbek ya taka. Sabuwar igiyar ta canza wa Kempir murya, shi kuwa yana nan yana jiran "gurrr". Fukafukan jirgin suka lanƙwashe, suka karye, ita ta yi hayaƙi ta yi shiru.

Talant ya dawo da tarkace a hannu, ya ce a hankali, "Yaya, ba ka ga fukafukan ba? Ai kowa ya gani."

"Rana ce ta shige mini ido," in ji Anarbek. Ranar tana bayansa.

Marigayiyar ta bar batura biyu, da ganga, da totur mai shatin takalminsa, da mai ita. Magajiyarta roba ta ci gwaji, kuma ba ta bukatar kowa ya taka mata komai.

Za a ɗora marigayiyar a kantar gareji ranar Asabar bayan azahar. Akwai shayi da borsok, wato soyayyen ƙullin fulawa. Ranar Lahadi ƙungiya za ta fita fili da ƙarfe tara kamar kullum, hanyar kuwa ta ƙofar gidansa ta bi. Anarbek zai tsaya a bakin ƙofa da hularsa. Ya ce ko ɗaukar jakar roba ce zai iya. Zuwa lokacin rubuta wannan sanarwa, babu motar da ta ce za ta tsaya.