Ranar da Surukina Ya Ja Ni da Igiya

Cikin duk kunyar da na sha a rayuwata, akwai ɗaya da ba na jin zan taɓa mantawa da ita, wato ta safiyar da surukina ya shiga da ni ƙauyensu a ɗaure.

Bari in faro daga keken. Ƙanena da ke aiki a Turai ne ya aiko min da shi, bayan ya ji likita ya ce in rage tumbi in riƙa motsa jiki. Keken hawan dutse ne mai batir, tayoyinsa masu kauri kamar na tarakta, amma shi kansa ba nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi in shigar da shi zaure. Ba ya tafiya da kansa kamar babur, sai ka taka feda, amma da ka ɗan taka sai ka ji kamar wani ya dafa bayanka yana tura ka. Akwai ɗan maɓalli kusa da babban yatsa da za ka zaɓi yawan taimakon da kake so, daga kaɗan zuwa mai yawa. (Ni dai tun da na gano na ƙarshen ban sake waiwayar sauran ba. Likita cewa ya yi in motsa jiki, bai ce in halaka kaina ba.)

Malamin makaranta ne ni, na haura hamsin, amma keken nan ya mai da ni saurayi. Ina ratsa lungunan Ƙofar Gayan da hular kwano a kaina, ina wuce masu adaidaita da suka cushe a bakin kasuwa, ina ɗaga wa mutane hannu kamar ɗan takara. A majalisarmu ta bayan la'asar kuwa ba ni da hira sai ta keke, har abokai suka fara tashi idan sun hango ni.

To, akwai Baba, mahaifin matata. Asalinsa mutumin wani ƙauye ne da ke bayan dutsen Kufena, ya daɗe da dawowa cikin birni yana sayar da hatsi, amma bai saki gonarsa ta can ba. Ya haura saba'in, siriri, ba shi da yawan magana. Yana da wani tsohon baƙin keke da ya girmi matata, da shi yake zuwa gona. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta gidanmu: ban taɓa cin abinci a gabansa ba, kuma idan zan gaishe shi sai na tuɓe takalmi na tsuguna.

Sai matar Sani, ƙanin matata da ke zaune a ƙauyen yana kula da gonar, ta haifi ɗa namiji. Mata suka tafi tun ana gobe suna. Baba shi ne zai faɗa wa liman sunan, ni kuma aka damƙa min goro da dabinon da za a raba. An kwana ana ruwa, masu adaidaita suka ce ba za su shiga wannan hanya ba. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don ga ranar da keke zai nuna kansa.

Bayan sallar asuba na same shi a ƙofar gida yana ba taya iska. Na gaishe shi, sannan na ce, "Baba, da ka bari an samo maka mai babur. Hanyar nan akwai tudu."

"Malam, ni da hanyar mun san juna," in ji shi.

"To, idan na yi gaba zan riƙa tsayawa ina jiranka."

Ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Allah ya yi albarka."

Haka muka fita daga ganuwa, ni cikin babbar rigar shadda da ta sha sitaci, ga jakar goro goye a bayana. Na danna taimako har ƙarshe na bar shi a baya. In yi nisa, in tsaya a gindin bishiya ina duba waya kamar wanda ya gaji da jira, in ya iso in sake cillawa. Akwai ma inda na juya na koma na tarye shi, wai don in tambaye shi ko ya gaji. (Allah ya yafe min. Ba tausayi ba ne, so nake ya ga yadda keken ke tsaga taɓo.)

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, kwanakin nan ba a kawo mana wuta ba, ban yi caji ba. Kuma rashin nauyin nan da nake taƙama da shi, sirrinsa ƙaramin batir ne. Na ga ɗan hasken da ke jikin keken ya koma ja, na ce a raina ai mun kusa.

A gindin tudu na ƙarshe hannun nan da ke tura ni ya saki bayana. Na taka feda, na ji kamar an ɗora min buhun masara. Na sake takawa, cinyoyina suka fara rawa. Na sauko na soma turawa, takalmina na sallah yana zamewa cikin taɓo, numfashina yana fita kamar na zugazugin maƙeri. Ban kai tsakiyar tudun ba na nemi wani dutse na zauna, duniya tana juya min. Sitacin shadda ya jiƙe ya manne a jikina.

Ina nan zaune na jiyo ƙarar sarƙar keken Baba, a hankali, yadda take tun da muka fito.

"Malam, jirana kake yi?"

"E, Baba."

"Madalla. To mu je."

Na yunƙura in tashi, jijiyar cinyata ta ɗaure, na koma na zauna daɓas. Ya dube ni, ya ce, "Man ne ya ƙare?"

"Caji ne, Baba," na faɗa, kaina a ƙasa.

Ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta fara ɗagawa, kuma mun san liman yana da wani sunan a ƙauyen gaba, ba zai zauna jiranmu ba. Na ce ya karɓi jakar ya yi gaba, ni zan biyo shi idan na huta.

"In bar mijin 'yata a daji, in je in ce wa mutane me?"

Ya karɓi jakar ya ɗaure a bayan kekensa. Ya riƙe nasa da dama, nawa da hagu, ya haura tudun a ƙasa, ni kuma ina ɗingishi a bayansa hannu rabbana. Da muka kai sama ya ɗan jijjiga nawa ya ce, "Keken kam ba shi da nauyi, Malam." Na gane inda nauyin yake.

Daga nan hanyar shimfiɗe take, sai dai ƙafata ta ƙi lanƙwasuwa. Baba ya kwance igiyar da yake ɗaure buhu, ya ƙulla bakinta ɗaya a kariyar kekensa, ɗayan a wuyan nawa. Ya ce in hau in riƙe kan da kyau. Ban iya yi masa musu ba, ban taɓa ba. Haka dattijon nan ya riƙa jana tsakanin gonakin dawa, ina kallon ƙashin bayansa yana motsi a cikin riga.

Da na hango rufin gidaje na ce, "Baba, a nan ma ya isa." Amma da muryar da ake yi wa suruki magana na faɗa, wadda ko ni da kyar na ji. Na sake faɗa, iska ta tafi da ita. Na yi tunanin kama birki, sai na tuna idan na kama tsohon ne zai kifa. Don haka na rufe bakina na miƙa wuya.

Muka karya kwana, sai ga ƙofar gidan Sani cike da maza a kan tabarmi, liman a tsakiya. Hira ta tsaya cak. Kowa ya bi igiyar da ido tun daga keken Baba har zuwa kaina, da hular kwano da taɓo har gwiwa. Can wani tsoho, Malam Tanko, abokin wasan Baba tun suna yara, ya gyara murya ya ce, "Ai mun riga mun ɗaure ragon suna. Wannan na biyu ne ka jawo mana?"

Wurin ya kece da dariya. Liman ma sai da ya ja gefen rawani ya rufe bakinsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da keken gaba ɗaya.

Baba ya sauka, ya kwance igiyarsa yana naɗewa a hannu, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Ku ƙyale min suruki. Keken nasa gudu gare shi, na ɗaure shi ne don kada ya riga ni isowa."

Ba wanda ya yarda, amma ba wanda ya ƙara magana. Aka matsa min wuri, aka raba goro. Baba ya sunkuya ya raɗa wa liman a kunne, aka yi addu'a, aka shafa. Da aka faɗi sunan yaron sai na ji sunana ne. Ashe tun ranar haihuwa Baba da Sani suka yanke za a yi min takwara, ba wanda ya gaya min. Na sunkuyar da kai na daɗe ban ɗago ba, kuma na gode wa Allah da fuskata ta riga ta jiƙe da gumi, ba wanda ya gane hawayena.

A bayan akori-kura na dawo gida da yamma, ni da kekena a tsakiyar tukwanen mata, matata tana kallona tana danne dariya har muka shigo birni.

Har yanzu ina hawan keken, kuma ina son abina. Sai dai ba na fita sai na duba caji, kuma idan za mu gona da Baba, a bayansa nake tafiya. Na koyi cewa ba a yi wa dattijo alkawarin jira da ƙarfin da ke jiran a kawo wuta.

Takwarana kuwa ya fara tafiya. Da yake mutanen gidan suna jin nauyin kiran sunana gatsal, sai suka yi masa alkunya. Labarin cajin nan kuwa ya riga ya bazu, don haka duk ƙauyen Caji suke ce masa.