Agogona a ƙarƙashin dutse

Lokacin da yajin aiki ya rufe lakwal a Tawa, mu malamai ba mu da aiki sai shan shayi. Ni da nake koyar da labarin ƙasa na ce wa abokaina mai ilimin taswira ba ya ɓatar da komai. Suka yi dariya, na sha alwashi.

Na sa agogon da mahaifina ya bar mini cikin gwangwanin madara, na binne a wata gona a hanyar Barmu. Alamata tulin duwatsu ne, taki ashirin gabas da shi. Na zana taswira da jan biro, har da kibiyar arewa.

Bayan mako biyu na jagorance su, ina tafe gaba kamar soja. Babu tulin. Manoma sun yi gayya sun kwashe duwatsun, sun jera su layi-layi don tare ruwan sama. Gonar duka ta zama iri ɗaya.

Ban karaya ba. Kwana uku ina haƙa, sai mai gonar ya tsaya kaina, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lakwal a nan.

"Mushe, mi kake biɗa?"

Na nuna masa taswira. Ya juya ta sama da ƙasa, ya ce, "To, ci gaba ta can. Ban kai ga haƙa ramukan zuba taki wurin ba."

Geronsa ya yi kyau a wannan shekarar. Ni kuwa har yau, duk abokin da ya gan ni sai ya dubi hannuna ya ce, "Mushe, ƙarfe nawa?"