Rasuwar Dattijo, Kwaɗon Shagon Mai Ɗinki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya manta barci, Mai Ɗinki ta layin 'yan yadi ke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da masu kawo ɗinki rasuwar kwaɗon shagonta, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu a bakin aiki, ranar da kasuwa ke hutu, da tsakar rana, ana sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. An tsinci gawarsa a cikin kwata, gab da ƙofar da ya tsare tun Mai Ɗinki ba ta iya zura zare a allura ba.

Marigayin gado ne. Mahaifinta ya sayo shi, zamanin da ake yin ƙarfe tsakani da Allah. Ya sha rana, ya sha damina, bai taɓa neman hutu ba, abincinsa ɗigon man keke in an tuna da shi. Ba mai surutu ba ne. Da safe ya ce "ƙaras", da yamma ya ce "ƙas", maganarsa ta yini ta ƙare ke nan. Duk matar da ta bar yadinta a shagon, takan tafi gida hankali kwance.

Sai dai, Allah ya gafarta masa, yana da taurin kai. Mabuɗi kaɗai ba ya buɗe shi. Sai an zura har ƙarshe, a ja baya kaɗan, a danna gindinsa da babban yatsa, sannan a murɗa a hankali kamar ana lallashin tsoho ya sha magani. Mai guga na maƙwabta ya taɓa gwadawa, ya haɗa gumi, ya koma yana rantsuwa kwaɗon na da aljanu. Mutum biyu ne rak suka san halinsa: ita, da ƙaninta Auta, wanda ta goya bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta koya masa buɗewar da hannunta, ta kuma yi masa aure bara.

Ya rasu ya bar ƙofa tana takaba, da sarƙa, da mabuɗai biyu tagwaye, ɗaya a jakar Mai Ɗinki, ɗaya a hannun Auta. An nemi keken ɗinki mai lantarki da yaduddukan mutane an rasa.

Jinyarsa gajera ce, guduma ce ajalinsa. Mai Ɗinki ta naɗe shi a hankici ta kai ofishin 'yan sanda da ƙafarta, tana kuka tana cewa an yi mata fashi. Jami'in da ke kan tebur ya gyara mata: fashi sai an tsorata mutum ko an taɓa lafiyarsa, kwashe kaya sata ce, shiga ba izini fasa shago ne, dukan kwaɗo kuwa ɓarnar dukiya, kowanne da hukuncinsa. Ta ce in Dattijo ba mutum ba ne, to rabin kasuwar nan ma ba mutane ba ne. Daga nan bakinta ya ƙi tsayawa. Ta shiga yabon mamaci, kamar yadda kowa ke yi a wurin rasuwa. Ta ce dole ɓarayin su sa guduma, don ko mabuɗin aka miƙa wa ɓarawo ba zai iya ba. Ta kwatanta ja baya, ta kwatanta danna gindi, ta faɗi da alfahari cewa daga ita sai ƙaninta. Jami'in bai katse ta ba, rubutunsa kawai yake yi.

Da aka duba gawar, sai aka ga abin da ya hana ta barci. Duk kwaɗon da aka fasa yana kulle, harshensa na ciki karyewa yake yi. Harshen Dattijo lafiyarsa ƙalau. Ashe buɗe shi aka yi cikin lallashi, ya ce "ƙaras" ɗinsa na ƙarshe ga hannun da ya sani, sannan aka kwantar da shi a siminti aka yi ta dukansa don a ce baƙi ne.

An kira Auta ofishin 'yan sanda ya amsa tambayoyi, har yau bai dawo ba. Ya ce mabuɗinsa ya daɗe da ɓata, amma da ta je ganinsa ƙasa ya yi ta kallo. Ta koma ta ce ta yafe keken, ta janye ƙara. Aka ce magana ta bar hannunta, yaduddukan kuma ba nata ba ne balle ta yafe. Matar Auta, da cikinta haihuwa yau ko gobe, kullum sai ta zo ta zauna a bakin shagon, ba gaisuwa, ba zagi. Mai Ɗinki ta gwammace zagin. Tsoro take ji: tsoron a ɗaure shi da bakinta, da tsoron ya tabbata shi ne.

Game da jana'iza, ana ba jama'a haƙuri, hukuma ba ta saki gawa ba. Tana cikin leda da lamba a jikinta, za a kai ta gaban alƙali a matsayin shaida, ranar da za a rantsar da Mai Ɗinki a tambaye ta su wa suka iya buɗe shi. Sai an yanke hukunci za a binne shi a ƙasan akwatin zare.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar shago, wadda aka ɗaure da waya. Masu yadi su yi haƙuri su bari a share makoki. Ana kuma roƙon masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada kowa ya kawo sabon kwaɗo. Mabuɗi biyu yake zuwa da su, ita kuwa ba ta da wanda za ta ba na biyun.