Agogon da Ke Shan Ruwa

Shekarar da na koyi lambobi a ajin manya, ma'aikatan ruwa suka zo unguwarmu a Tasawa, suka ce daga yau kowa zai biya gwargwadon abin da ya sha. Suka ɗaura wa pompona konta, suka ce, "Baba, ga agogon ruwanka."

Agogo! Ni da ban taɓa mallakar agogo ba. Na durƙusa na karanta lambobinsa da ƙarfi don maƙwabta su ji. Sai na lura cewa da an rufe pompo yake tsayawa cik. Na yi nazari irin na masu ilimi, na bar ruwa yana zuba don kada agogona ya mutu.

Maiɗakina ta ce, "Malam, agwagin unguwa fa sun tare a gidan nan."

Na ce, "Ke ba ki yi karatu ba."

Ƙarshen wata, takardar kuɗin ruwa ta zo, kuma kaico, na iya karanta ta. Tunkiyata ce ta biya.

Har yau in na fito majalisa, sai wani ya ce, "Malam Mai Agogo, guga nawa ya rage a kira La'asar?"