Rasuwar Gajere, Kwanson Harsashin Dalyop

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu masu warin albarushi, ni Dalyop na Old Trafford nake sanar da 'yan'uwa rasuwar Gajere, kwanson harsashi na tagulla, ɗan zuriyar .308, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Asabar a filin gwajin bindiga, sakamakon tsagewar wuya.

Marigayin bai san ƙyuya ba. Ya shigo hannuna a shekarar da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, sabon harsashi ya fi ƙarfin direban bas irina. In harba shi, in tsince shi, in sake ɗura masa albarushi, in sa masa sabon kai, ya koma bakin aiki. Idan ya ƙara tsawo in yi masa aski. Bai taɓa gunaguni ba, maganarsa biyu ce, "tau" a daji da "ƙililin" idan ya faɗo ƙasa. Duk wanda ya ci naman barewa a cocinmu ranar Kirsimeti, guminsa ya ci.

Jama'a sun san musuna da abokina Jumare na unguwar Balsall Heath a Birmingham, mai digirin da ya ƙi ƙarewa. Nasa kwanson Dogo ne, ɗan .270, mai dogon wuya da cin albarushi kamar gara. Mun yi alkawari gaban shaidu cewa wanda nasa ya fara mutuwa da ajalinsa zai miƙe cikin mutane ya ce ɗan'uwansa ya fi shi sanin bindiga. Da in faɗi haka gara a ƙwace mini lasin tuƙi.

Ciwon ajali ya same shi ne a jajibirin bikin godiya. Wani hannu mai albarka yana goge kayan tagullar coci, ya ga Gajere a kan tebur ya yi duhu, ya tausaya masa ya shafa masa man gogewa. Duk mai ɗura harsashi ya san man nan yana cin tagulla ta ciki. Ya yi ƙyalli kamar ango, harbi na gaba ya tsage.

In na ce kisa ne, alkawari bai hau kaina ba. To amma sai na kira sunan mai hannun, alhali shekara da shekaru hannun nan ke tuƙa mini tuwo a ƙasar da ba mai tambayar ko ka ci. Matata Celestina kuwa har yau murna take yi da yadda ya tafi fes. Don haka iyali sun zauna, sun tabbatar ajali ne.

Ya bar bindiga ɗaya, gwangwanin madara cike da ƙannensa, da ni.

Za a binne shi a kwandon gwangwanaye duk ranar da motar kwashe shara ta ƙaramar hukuma ta tuna da layinmu. Zaman makoki ranar Lahadi bayan sujada. Jumare zai taso daga Birmingham a kan lokaci, karo na farko a rayuwarsa, ni kuma zan miƙe in faɗi abin da ya zo ji. Celestina ce za ta dafa abincin baƙi.